Daga 'idle' zuwa 'slacker': Tarihin sunayen da Turanci ke kiran cima-zaune, da waɗanda aka liƙa wa su

A ranar 18 ga Afrilun 2018, a wani taron 'yan kasuwa na ƙasashen Kwamanwel da aka yi a Landan, Shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya amsa wata tambaya da maganar da ta bi shi har ƙarshen mulkinsa. Ya ce fiye da kashi 60 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su kai shekara 30 ba, da yawansu ba su je makaranta ba, amma suna ganin tun da ƙasarsu na da man fetur, sai su zauna ba su yin komai, a ba su gida da magani da ilimi kyauta.

Wanda ya saurari faifan da kyau zai lura cewa kalmar 'lazy' ba ta fito daga bakinsa ba, kuma masu magana da yawunsa sun yi ta nanata haka. Sai dai kafin gari ya waye matasa sun riga sun raɗa wa maganar suna a Twitter, #LazyNigerianYouths, a Hausa kuma aka ce shugaba ya kira matasa cima-zaune. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, haka nan wanda aka zaga ba ya buƙatar a kama sunansa.

Abin da matasan suka ji tsohon salo ne a harshen Turanci. Harshen ya tara sunaye masu ɗimbin yawa na mutumin da ba ya aiki, kuma ƙalilan ne daga cikinsu suka tsaya ga siffantawa kawai. Mafi yawansu hukunci ne aka dunƙule cikin kalma guda: laifin wa ne da wannan mutumi yake zaune? An ƙera wasu a majalisa da kotu, wasu a barikin soja, wasu a kan dandamalin yaƙin neman zaɓe. Wanda ya san inda aka haifi kowace, zai fi gane abin da ake nufi idan aka jefe shi da ita.

Biyu da ake ɗauka ɗaya

'Idle' ita ce babbar yaya. Tana cikin tsohon Turanci tun fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ma'anarta ta farko ita ce abin da ba komai a cikinsa, fanko, marar amfani. Daga nan ta koma kan mutum ko abin da ba ya aiki a halin da ake ciki. Har yau ana kiran injin da aka tayar amma ba ya tafiya 'idle', haka masana'antar da aka rufe, haka kuɗin da ke kwance a asusu. Ba a zargin inji da mugun hali. Ma'aikacin da masaƙarsu ta daina aiki shi ma 'idle' ne, ko da ya fi kowa son ya koma bakin aiki.

'Lazy' kuwa ƙanwa ce ta nesa. Ba ta bayyana a rubuce ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 16, kuma masu bin asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa daga wani karin Jamusanci ta zo, inda take nufin rarrauna ko mai kasala. Ita ba halin da mutum ya tsinci kansa take faɗa ba, halayyarsa take faɗa: yana iya yi, ya ƙi.

Bahaushe ya san wannan bambanci sarai. Idan aka ce matasan unguwa na zaman kashe wando, sau da yawa tausayi ne ko kuka da gwamnati. Idan aka ce wane rago ne, ko malalaci, ko mai matacciyar zuciya, an gama yanke hukunci. Rikicin da ke cikin Turanci shi ne 'idle' na iya ɗaukar ma'anonin biyu a lokaci guda, kuma a wannan 'yar kafa masu mulki suka daɗe suna bi. Sai a fara magana kan marasa aiki, a ƙare ta kan masu ƙin aiki, ba tare da an sauya kalma ba.

Akwai wasu tsofaffi da suka fito daga wa'azi. 'Sloth' daga 'slow' take, wato nawa, kuma malaman coci sun lissafa ta cikin manyan zunubai bakwai. Daga baya ne aka ba wata dabba ta Kudancin Amurka mai rataye a bishiya wannan suna. Haka 'slug': mutum mai kasala aka fara kira da shi, ƙarnuka kafin a liƙa wa halittar nan mai kama da dodon-koɗi marar kwanso. A duka biyun, mutum ne ya ara wa dabba suna, ba dabba ta ara wa mutum ba. 'Sluggard' ta samu gindin zama ne ta fassarar Baibul ta 1611, inda Littafin Karin Magana ke tura malalaci ya koyi darasi wurin tururuwa. 'Indolent' kuma daga Latin take, ma'anarta ta asali wanda ba ya jin zafi, kuma likitoci na amfani da ita har yau ga ƙari ko gyambon da ke tafiya a hankali.

Lokacin da zama ya zama laifi

A 1348 annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta shiga Ingila, ta kashe abin da ya kai kashi ɗaya cikin uku na jama'a, wasu masana tarihi ma na cewa kusan rabi. Gonaki suka rasa masu noma. Talakan da ya tsira ya ga kasuwarsa ta buɗe: ya ƙi aiki a tsohon farashi, ya bar gandun ubangidansa ya tafi inda za a biya shi da kyau.

Amsar Sarki Edward na Uku ita ce dokar leburori ta 1349. Ta ce duk namiji ko mace mai lafiya da bai kai shekara 60 ba, wanda ba shi da gona ko sana'ar kansa, dole ya yi wa duk wanda ya neme shi aiki, kuma a kan ladan da ake biya kafin annoba. Ta kuma haramta ba mabaraci mai ƙarfin jiki sadaka, wanda ya ba shi yana iya tafiya kurkuku. Abin lura a nan shi ne, dokar farko da ta yi kuka da zaman banza a Ingila ba a lokacin da mutane suka daina aiki aka yi ta ba. An yi ta ne a lokacin da suka fara neman ƙarin lada.

Daga wannan tushe harshen doka ya samu sunayensa: 'vagabond', daga kalmar Latin mai nufin yawo, wato gantalalle, 'vagrant', ɗan'uwansa, da 'sturdy beggar', wato ƙaton mabaraci. A ƙarni na 16 abin ya ƙazanta. Masu ƙasa sun yi ta killace filayen da talakawa ke noma da kiwo don su kiwata tumaki, Sarki Henry na Takwas kuma ya rushe gidajen ibadar da suke ciyar da matalauta tsakanin 1536 da 1541. Hanyoyi suka cika da mutanen da ba su da wurin zuwa. Majalisa ta dube su ta ga malalata.

Dokar 1547 ita ce ƙololuwa. Mai lafiyar da ya yi kwana uku ba ya aiki, ana iya gurfanar da shi, a yi masa lalas da harafin V a ƙirji, a miƙa shi bawa na shekara biyu ga wanda ya kai ƙararsa. Idan ya gudu, a ƙona masa harafin S a fuska ya zama bawa har mutuwa. Dokar ta yi tsananin da hatta alƙalai suka kasa aiki da ita, aka soke ta kafin ta cika shekara uku. Amma bulala ta ci gaba, kuma dokar 1572 ta ƙara da huda kunnen dama da jan ƙarfe.

Wadda ta fi kowace tsawon rai ita ce dokar gantali ta 1824. An yi ta ne bayan yaƙe-yaƙen Napoleon, lokacin da sojojin da aka sallama suka cika titunan Landan suna bara. Ta kasa mutane hawa uku, kamar matakan aikin gwamnati. Na farko 'idle and disorderly person', wato mazaunin banza mai tada hankali, wata ɗaya a kurkuku. Na biyu 'rogue and vagabond', ɗan iska gantalalle, wata uku. Na uku 'incorrigible rogue', wanda ya gagari gyara, har shekara guda, da bulala idan alƙali ya ga dama. Kwana a waje laifi ne, haka nuna rauni ko nakasa don a samu sadaka, wanda kowa ya san tsofaffin sojoji ake nufi. Wani sashe na dokar ya ba ɗan sanda damar kama wanda yake zargi kawai yana niyyar aikata laifi. Da wannan sashe aka yi ta tare matasa baƙar fata a Landan cikin shekarun 1970, kuma yana cikin abin da ya hura wutar boren Brixton a Afrilun 1981. A shekarar aka soke sashen. Sauran dokar kuwa sai a 2022 majalisar Birtaniya ta amince a soke ta, kusan shekara 200 bayan kafa ta.

Kalmomin sun hau jirgin ruwa

Duk inda mulkin Ingila ko shari'arta ta je, waɗannan sunaye sun bi ta, kuma a can suka samu launin fata. Bayan an 'yanta bayi a tsibiran Karebiyan a shekarun 1830, da yawansu suka gwammace noma 'yar gonarsu a kan komawa gandun rake. Marubuci Thomas Carlyle ya fitar da wata maƙala a 1849 yana siffanta su da malalatan da ke zaune suna cin kabewa alhali rake na ruɓewa, yana kira a tilasta musu aiki. A Amurka, jihar Mississippi ta yi dokar da ta ce duk 'yantaccen bawa da ya haura shekara 18 wanda ba shi da aiki a farkon 1866 'vagrant' ne. A ci shi tara, idan ya kasa biya a ba da hayarsa ga wanda zai biya. Sau da yawa hanyar ta mayar da shi gonar auduga irin wadda ya baro.

Irin waɗannan dokoki sun rayu a Amurka har 1972, lokacin da Kotun Ƙoli ta rushe ta birnin Jacksonville. Dokar birnin ta lissafa masu laifi har da 'loafers', wato masu zaman majalisa, da masu yawo ba dalili, da ƙarfafan da ke rayuwa a kan abin da matansu ke samowa. Kotun ta ce doka irin wannan ba ta faɗa wa mutum abin da aka hana shi ba, illa ta bar wa ɗan sanda ya zaɓi wanda ya ga dama.

Masanin zamantakewa ɗan Maleshiya, Syed Hussein Alatas, ya rubuta littafi a 1977 a kan tatsuniyar 'lazy native', wato malalacin ɗan ƙasa. Hujjarsa mai sauƙi ce: mutanen Malaya da Java da Filifin suna noman shinkafa, suna su, suna ƙera jirage, amma da suka ƙi shiga gandun roba da ramin ma'adinan Bature a kan ladan banza, sai aka rubuta a littattafai cewa malalata ne. A idon mai mulkin mallaka, aikin da ba ya kawo masa riba ba aiki ba ne. Arewacin Najeriya ta ga nata kason. Da Japan ta kame Malaya a 1942, Birtaniya ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Manoman da ba su ga dalilin barin gonakinsu ba aka ɗebo da ƙarfi ta hannun hukumomin gargajiya, dubun dubatarsu, zuwa ramukan kuza na Jos har 1944, kuma da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta.

Sunayen 1824 suna nan daram a littattafan dokokin Najeriya. Kundin laifuka na Kudu, a sashe na 249 da na 250, yana magana kan 'idle and disorderly persons' da 'rogues and vagabonds' da kalmomin Landan ba sauyi. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, yana da nasa 'idle person' da 'vagabond' daga sashe na 405. Gwamnatin soja ta Ibrahim Babangida ta soke laifin da ake kira 'wandering', wato yawo, a 1989, amma duk matashin da motar sintiri ta taɓa kwashewa a bakin titi da dare ya san soke laifi a takarda daban, daina kame daban. A ranar 4 ga Disamban 2020, Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha, bisa buƙatar ƙungiyar lauyoyin Afirka ta PALU, ta ba da ra'ayin shari'a cewa dokokin gantali sun saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam, domin suna hukunta mutum kan halin da yake ciki, ba kan abin da ya aikata ba. Ta ce wajibi ne ƙasashe su gyara su ko su soke su.

Kalmar da ta zo a makare

Abin mamaki a tarihin nan ba yawan sunayen zargi ba ne, daɗewar da aka yi babu kishiyarsu ne. Kalmar 'unemployment', wato rashin aikin yi a matsayin matsalar tattalin arziki, ba ta shiga bakin jama'a ba sai ƙarshen shekarun 1880. Kafin nan Turanci na da hanyoyi da yawa na cewa mutum ya ƙi aiki, amma da ƙyar yake da hanya ɗaya ta cewa aikin ne babu.

Ba alheri ne ya kawo kalmar ba. A Fabrairun 1886 marasa aiki suka yi gangami a dandalin Trafalgar, suka bi unguwannin masu kuɗi suna farfasa tagogi. A shekarar Charles Booth, wani attajiri mai jiragen ruwa, ya fara binciken gida-gida a Landan, ya gano kusan kashi 30 cikin 100 na mazauna birnin cikin talauci suke, kuma babban dalili shi ne ƙarancin lada da aikin yau-akwai-gobe-babu. A 1909 William Beveridge ya fitar da littafin da tun daga sunansa ya kira rashin aiki matsalar masana'antu. Shekara biyu bayan haka Birtaniya ta kafa inshorar rashin aiki ga ma'aikatan wasu sana'o'i.

Amma tsohon zargi bai mutu ba, riga ya sauya. Daga 1921 zuwa 1930, mai neman tallafin sai ya gamsar da hukuma cewa da gaske yake neman aiki, ko da kowa ya san masana'antun garinsu a rufe suke. Da wannan sharaɗi aka ƙi biyan buƙatu kusan miliyan uku.

Daga bariki zuwa rumfar zaɓe

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zuba wa harshen sabbin sunaye. A Agustan 1914 wani tsohon hafsan sojan ruwa, Charles Fitzgerald, ya tara mata a garin Folkestone su riƙa miƙa farin gashin tsuntsu, alamar tsoro, ga duk saurayin da suka gani ba kaki. Sunan irin wannan saurayi 'shirker', mai zille wa nauyi. An miƙa gashin har ga sojojin da suka dawo hutu da waɗanda aka sallama saboda rauni.

A Amurka kalmar ita ce 'slacker'. A yau ana jin ta kamar wasa, saurayin da ba ya ɗaukar rayuwa da zafi, musamman bayan fim ɗin Richard Linklater mai wannan suna na farkon shekarun 1990. A 1918 kuwa ba wasa ba ce. Cikin kwana uku na farkon Satumba, jami'an gwamnati da sojoji da 'yan sa-kai suka tare tashoshi da gidajen kallo da wuraren cin abinci a New York da kewaye, suka tsare dubun dubatar maza don su nuna katin rajistar soja. Waɗanda aka samu da laifi na gaskiya 'yan kaɗan ne ƙwarai cikinsu.

A cikin ramukan yaƙi kuma sojojin Birtaniya na da nasu: 'skive', sulalewa daga aiki, wadda ake jin daga Faransanci suka tsinto ta, da 'scrounge', samo abu ta dabara ba tare da biya ba. A bakin soja waɗannan ba zagi ba ne sosai. Wanda ya iya samo gawayi ko gwangwanin nama ga 'yan rukuninsa gwani ne. Sai da kalmomin suka fito daga bariki suka shiga jaridu, sannan 'scrounger' ya zama mai cin tallafin gwamnati a ɓagas, 'skiver' kuma ya zama abokin tafiyarsa. 'Layabout', mai kwance-kwance, ta bayyana a farkon shekarun 1930, daidai lokacin da miliyoyin Turawa suka rasa aiki saboda karyewar tattalin arzikin duniya. Wannan daidaituwa ta lokaci ta cika maimaituwa a tarihin kalmomin har ya yi wuya a kira ta katari.

'Yan siyasar zamani sun gaji kayan aikin. A yaƙin neman takarar 1976, Ronald Reagan ya yi ta ba da labarin wata mata a Chicago mai sunaye 80 da adireshi 30, wadda ya ce tana samun dala 150,000 a shekara daga tallafi. Matar ta wanzu, Linda Taylor, kuma 'yar damfara ce ta gaske; jaridu ne suka raɗa mata 'welfare queen', sarauniyar tallafi. Amma abin da kotu ta kama ta da shi bai kai dala 10,000 ba, kuma ba ta yi kama da sauran miliyoyin masu karɓar tallafi ba ko kaɗan. Duk da haka sunan ya zauna a zukatan masu zaɓe da siffar baƙar mace mai tarin 'ya'ya, ya kuma share fagen dokar 1996 da Bill Clinton ya sa wa hannu, wadda ta taƙaita tallafin kuɗi na tarayya zuwa shekara biyar a tsawon rayuwar mutum.

A Birtaniya, a Oktoban 2012, Ministan Kuɗi George Osborne ya zana wa taron jam'iyyarsa hoton ma'aikacin da ke fita da asuba cikin duhu, yana ɗaga kai ya ga labulen maƙwabcinsa a rufe, yana barci a kan kuɗin tallafi. Jaridu da 'yan majalisa suka raba ƙasa gida biyu, 'strivers' masu fafutika da 'skivers' masu sulalewa, kalmomi biyu masu amo ɗaya da suka dace da kanun labari. Da wannan harshe aka tallata dokar 2013 da ta ƙayyade ƙarin tallafi a kashi 1 cikin 100. Da masana suka yi lissafi, gidajen da ke da mai aiki a ciki sun fi yawa cikin waɗanda abin ya shafa. A shekarar 2012 ɗin ce kuma wasu matasan 'yan majalisa biyar suka fitar da littafin Britannia Unchained, suka sa ma'aikatan ƙasarsu cikin mafiya zaman banza a duniya. Ɗaya daga cikinsu, Liz Truss, ta zama Firaminista a 2022, ta sauka kafin ta cika kwana 50.

Mai kuɗi ba ya gantali

Akwai wani rukuni na sunaye da ba su taɓa kai kowa gaban alƙali ba. Mai dukiyar da ba ya aiki 'gentleman of leisure' ne, mutumin kirki mai hutu, ko a ce yana da 'independent means', abin hannun da ya ishe shi. Na ƙarnuka, rashin yin aikin hannu shi ne ma alamar ɗan babban gida a Ingila. Dokar 1824 ta fayyace sirrin da kanta, domin wanda take farauta shi ne marar hanyar abinci da ido ke gani. Mutum biyu na iya wuni a benci ɗaya a lambun shaƙatawa. Mai kuɗi a aljihu yana hutawa, marar shi yana aikata laifi.

Masu adawa sun yi ƙoƙarin juya mashin. 'Yan gurguzu suka yayata 'idle rich', attajiran banza. Thorstein Veblen ya yi wa ajin masu hutu ba'a a littafinsa na 1899, Bertrand Russell kuma ya rubuta maƙalar yabon zaman hutu a 1932, yana cewa aikin awa huɗu a rana ya isa idan aka raba shi da adalci. Sai dai babu ɗan sandan da ya taɓa kama wani da laifin 'idle rich'.

Sauran na raha ne. 'Lazybones' abin da uwa ke ce wa ɗanta ne idan rana ta fito yana kwance. 'Couch potato', dankalin kan kujera, wasu abokai a Kalifoniya suka ƙirƙiro ta a shekarun 1970 don masu wuni gaban talabijin, kuma a 2005 manoman dankalin Birtaniya suka yi zanga-zanga a gaban majalisa suna neman a cire ta daga ƙamus na Oxford saboda tana ɓata sunan amfanin gonarsu. 'Loafer' ma ta yi laushi har ta zama sunan takalmi marar igiya.

Zamanin alƙaluma

Gwamnatocin yanzu sun fi son sunayen da ba su da ɗaci a baki. A 1999 wani rahoton gwamnatin Tony Blair ya yaɗa 'NEET', taƙaitawar wanda ba ya makaranta, ba ya aiki, ba ya koyon sana'a. An yi ta ne don ta zama ma'auni marar zargi, amma ba ta daɗe ba ta zama abin gori, musamman a Japan inda aka are ta aka mayar da ita sunan matashin da ya zama kaya ga iyayensa. Haka 'quiet quitting' da ta yaɗu ta TikTok a 2022: ma'aikacin da ke yin daidai aikin da aka ɗauke shi ya yi, ba ƙari, shi ne aka ce ya yi murabus a ɓoye.

A Najeriya faɗan ya koma kan ma'anar 'unemployed' ita kanta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aiki ya kai kashi 33.3 cikin 100, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 24 kuma ya haura rabi. A lokacin, wanda ke aikin ƙasa da awa 20 a mako marar aiki ake lissafa shi. A Agustan 2023 hukumar ta fito da sabon tsari da ya bi ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, inda duk wanda ya yi aikin awa ɗaya don lada ko riba cikin kwana bakwai da suka wuce mai aiki ne. Adadin farkon 2023 ya fito kashi 4.1.

Hukumar ba ƙarya ta yi ba, haka ƙasashe da dama ke aunawa, kuma sabon lissafin ya tabbatar da abin da duk mai wucewa ta kasuwar Kwari ko tashar mota ya sani: a ƙasar da babu tallafin rashin aiki, talaka ba shi da halin zama. Bahaushe ya ce da zaman banza gara aikin kishiya, kuma rahotannin hukumar sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna ɓangaren da ba na hukuma ba ne, inda babu takardar ɗauka, babu fansho. Amma a ƙarƙashin wannan ma'ana, mai digirin da ya taya yayansa jiran shagon cajin waya na awa biyu ranar Asabar aka ba shi na sabulu, ya fita daga sahun marasa aiki na wannan mako.